Katifar da Batulu Ta Ƙone

Batulu da kanta ta ja katifar ɗakin haihuwa zuwa bayan asibiti, ta tsiyaya mata kananzir, ta ƙyasta ashana. Wa zai tanka wa macen da ba ta gama karɓar gaisuwar rasuwar 'yarta ba?

Ita ce babbar ungozomar wani ƙaramin asibiti a gefen Gwiwa, kuma rabin yaran ƙauyen a hannunta suka faɗo. Tsabta kuwa har ta yi mata yawa. Abokan aiki kan tsokane ta cewa ko sabulu sai ta wanke shi kafin ta yi wanki da shi.

Sai ga zazzaɓi ya shigo ɗakin. Mace ta haihu lafiya, kafin suna jikinta ya ɗau zafi, mararta ta riƙe. Biyu sun sha da ƙyar. Ta ukun ita ce Sadiqa, autar Batulu.

Mijin Sadiqa ya so a kai ta Kazaure, uwar ta ce ina, tana raye wata ba za ta karɓi jikanta ba. Da naƙuda ta yi tsanani, yarinyar ta ce, "Inna, tsoro nake ji." Batulu ta janye takunkumin da ya rufe mata baki da hanci don 'yarta ta ga fuskarta, kamar yadda take yi wa duk wadda ta firgita, ta yi ta addu'a tana lallashinta har jaririn ya faɗo. Yau yaron yana hannun dangin uba, ana ba shi madarar gwangwani.

Baƙin ciki bai zaunar da ita ba. Akwai masu ciki a hanya, kuma ta rantse sai ta gano inda cutar take maƙale. Ita ta matsa aka zo daga Kazaure da sandunan auduga na ɗibar abin gwaji, aka goga wa gado, almakashi, randa, katifa, har ma'aikata. Ita ta fara miƙa kanta don sauran su daina noƙewa. Katifar dai take zargi, shi ya sa ba ta jira sakamako ba.

Ranar da sakamakon ya fito, ta hau mashin ta tafi Kazaure, tana tsotsar kanumfarin da ta saba da shi tun sanyin bara saboda ƙaiƙayin wuya.

Ukasha mai ɗakin gwaji, wanda shi ma ita ta yanke masa cibi, ya ɗora mata ido a kan madubin da ke ƙara girman abu. Ta ga wasu 'yan ɗige-ɗige zagayayyu a jere.

"Ƙwayoyin cuta masu siffar ƙwallo, kokai muke ce musu, Inna. Wasu curi suke yi, wasu bibbiyu. Waɗannan da suka jeru kamar tsakiya a zare, irinsu muka gani a jinin Sadiqa."

Ta daɗe tana kallonsu, hawaye na zuba. Abin da ya raba ta da 'yarta ke nan, ko ƙwayar gero bai kai ba.

"A katifar suke, ko?"

"Katifar ba ta da komai. Wuri ɗaya tak muka same su."

"Faɗa mini, ɗan nan. Wallahi yau zan ƙone shi."

Ukasha ya sunkuyar da kai.

"Inna, wannan da kike kallo daga maƙogwaronki aka ɗauko shi."