Muryar Dodon Kirki

Matata, 'yar Gbagyi, ta riƙe ƙwayar ludon ta ƙi jefawa.

Ni ke ƙirƙiro labarin wasan da muke yi kan tebur duk Asabar a unguwar Utako, a babban birnin tarayya. Ranar na kawo dodo mai fuka-fuki, mai kirki: sarki zai gina birni, sai dodon ya kwashi ƙauyawa a bayansa, kyauta, zuwa sabon wuri.

"Oga dodo," in ji ta, "kaburburan iyayenmu fa?"

Abokanmu suka yi dariya, ni na kasa. Lallausar muryar da na ba dodon ta babana ce. Da ita ya raba wa ƙauyen su matata takardun tashi, lokacin da gwamnati ta taso daga Legas don gina sabon birni a ƙasarsu.

Shekararmu shida da aure, ban gaya mata ba.