A Kankare, Sannan a Shafa Gam

Kai da kake son gyara amma ba ka son a taɓa maka ado, zauna ka ji wannan. Wani mai sayar da kayan tangaran ne ya gina shago mai bene, ya mai da saman wurin ajiya. Yau a hau da kwali, gobe a hau da buhu, har bim, wato dogon ginshiƙin kankare na kwance da ke ɗauke da benen, ya tsage, ya fara yin ciki. Hankalinsa ya tashi, don duk abin da ya mallaka a ƙarƙashin bim ɗin nan yake jere. Injiniya ya zo ya duba, ya ce ba sai an rushe ba. Za a liƙa wa bim ɗin falle na ƙarfe mai kauri daga ƙasa da wani gam na musamman, ƙarfen ya taya shi ɗaukar nauyi. Da yake tafiya ta kama shi, sai ya bar wa mai shago takarda ya ba ma'aikata: "A kankare, sannan a shafa gam." Nufinsa a kankare fenti da filasta tas, don gam ya kama jikin ginin kansa. To, mutumin nan bai daɗe da yi wa bim ɗin fentin mai ba, shuɗi da furanni ruwan zinariya, kuma yana son fentin nan kamar ransa. Ya juya takarda, ya sake juyawa, ya ce wa ma'aikata, "Ya ce a kankare za a shafa, wato a jikin siminti. To da a katako za mu shafa? Ku liƙa a tsakiya kawai, kada wanda ya gurje mini fure." Wallahi ya gane nufin injiniya sarai, son zuciya ne ya karanta masa takardar.

Aka liƙa, ya yi kyau. Ganin bim ya sami ƙarfe, gogan naka ya sa aka ƙara kaya a sama. Shi gam bai ci amana ba: abin da aka haɗa shi da shi ya riƙe, wato fenti. Fentin ne bai taɓa yi wa kowa alkawarin ɗaukar bene ba. Ranar kasuwa, yana cikin yi wa wata hajiya rantsuwa cewa kwanukansa ba sa fashewa, sai ji kake rim! Ƙarfe ya sauko a kan teburin kaya, tangaran ya zama tsakuwa. Allah ya kiyaye ba wanda ya ji rauni, hajiya dai ta fita ba sallama. Da aka birkice ƙarfen, ga furanninsa nan manne, ko ɗaya bai goge ba. Ya ɗaga kai, ya ga bim tsirara, kankararre tas yadda injiniya ya so tun farko, tsagar kuwa ta ƙara baki. Ya zauna a kan ɓaraguzan kwanuka, kunya ta hana shi ko salati da ƙarfi.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman gira a rasa ido.