Katin Auren Ɗan Fari

Tunda aka haɗa injinan buga kati da rajistar haihuwa da mutuwa, suna kawai ake faɗa, injin ya cike sauran.

Inna Tabawa ta zo buga katin auren ɗanta, direban hanyar Legas.

"Inna, sai uwa ta faɗi sunan da bakinta," in ji mai shagon.

"Ɗan fari ne fa, ɗan nan. Ban taɓa faɗa ba."

"Doka ce, Inna."

Ta rufe fuska da mayafi, ta ce, "Nafi'u."

Katin ya fito da ɗuminsa. Babu furannin biki a jikinsa. Sanarwar rasuwa ce, da kwanan watan yau.

Mai shagon ya yi maza ya kife shi.

"Ya yi kyau?" ta tambaya, fuskarta har yanzu a rufe.