Ƙarar Ɗan Azumi

Motar sarwis sosiyal ta tsaya a ƙofar gidan da hantsi, Ɗan Azumi na shanya komarsa a kan danga. Bai ɗago kai ba. Madam Keziya ta sauko, jandarma na biye da ita, maƙwabta suka fara leƙe ta saman katanga.

Aikinta ke nan a Maraɗi, ceto yaran da ake cuta a gidajensu. Ranar da aka kai wannan ƙara tana ƙauye, sai wani mutum ya bar saƙo wurin mai gadin buronta, wato ofishinta: akwai masunci a Madarumfa, Ɗan Azumi, tun da matarsa Saratu ta rasu yake huce baƙin cikinsa a kan ɗiyarsu. A je a duba hannuwanta da ƙafafunta.

Ta duba. Yarinyar, Balaraba, na kwance a cinyar kakarta, ba a ma daɗe da yaye ta ba. Yatsunta sun kumbura kamar an taka su. Kukan ma ya ƙare mata, sai shessheka.

"Iskar tabki ce!" in ji Inna Ɗelu, mahaifiyar Ɗan Azumi, tana ƙanƙame jikarta. "Jiƙo nika ba ta. Asibiti ya cinye uwatta, ba ya cin wagga. Na hwaɗa mai, ran da ya kai ta can ban yahe mai nonona ba."

Madam ta juya wurin uban. "Kai, kana bugunta?"

"Abin da aka ce, an ce," ya amsa, idonsa a ƙasa. Can ya ƙara, "Maraɗi za ku kai ta?"

"Yau ɗin nan. Umurnin hukuma ne, ba shawara ba."

Ya shiga ɗaki ya fito da ƙullin kayan yarinyar, a ɗaure tsaf. Madam ta karɓa tana jinjina kai. Ta ga iyaye da yawa, amma ba ta taɓa ganin wanda ke gaggawar rabuwa da ɗiyarsa haka ba.

A asibiti lokotoro, wato likita, ya daɗe yana jujjuya ƙananan hannuwan. Ya ce duka na iya yin haka, ciwon jini ma na iya yi. Za a aika ɗigon jininta Yamai, inda ake jera jinin yara da yawa a kan jiƙaƙƙiyar takarda, a sakar masa wutar lantarki, furotin ɗin da ke sa jini ja ya kama tafiya. Mai lafiya yana da wurin tsayawarsa, mai ciwo yana da nasa. Sai dai ba a tada na'urar sai jinin ya taru.

Madam ta aika wa Ɗan Azumi magana ba ɓoye-ɓoye: in jinin ya fito lafiya, alƙali ne zai ji sauran, kuma Balaraba ba za ta sake kwana a gidansa ba.

Madarumfa ba ta jira Yamai ba. Mata suka daina sayen kifinsa. A masallaci sahu ya riƙa barin gurbi dama da hagunsa. Yayyen Saratu suka zo daga Gabi, babbansu ya mare shi a tsakiyar kasuwa, bai ko ɗaga hannu ya kare ba. A gida Inna Ɗelu kullum tana tsine wa munafukin da ya kai ƙara, shi kuma yana zaune yana ɗinkin koma, ba ya cewa amin.

Da asuba yakan tura kwalekwale tsakiyar tabki ya ajiye filafili. Ruwan kwance, shuru, kamar ɗakin da aka kwashe kaya. Bai je Maraɗi dubiya ba. Direban motar kasuwa kawai yake tarewa ya ce, "Waccan yarinyar, tana cin abinci?" Ɗiyar fari ce, ba ya kama sunanta.

Kafin amsa ta iso, zazzaɓi ya taso wa Balaraba. Tafin hannunta ya yi fari fat, numfashi na fita da ƙyar. Aka yi ta fama har aka samu jinin ƙara mata. Lokotoro ya ce da a gida wannan ya same ta, da tuni an yi zaman makoki.

Sannan amsar Yamai ta zo. Amosanin jini ne, emasi, wato sikila. Ba wanda ya taɓa yarinyar.

Madam Keziya ta kira Ɗan Azumi buronta. Ya rame, rigarsa na lilo a kafaɗa. Ta yi masa bayanin maganin da ranakun awo, ta ce yanzu hukuma ce ta ɗora masa kawo Balaraba asibiti, ko Inna ba ta da ta cewa. Sai muryarta ta sauka.

"Ka yi haƙuri, malam. An ɓata maka suna a banza. Wanda ya yi maka wannan ƙazafi, sai na gano shi."

"A bar shi, Madam."

"Ba a barinshi!"

Aka kawo Balaraba, ta miƙa masa hannu, kumburin ya saɓe. Ya waiga ko akwai mai kallo, sannan ya ɗauke ta ya saɓa a kafaɗa. Madam ta rako su har bakin ƙofa.

Baba Tanko, mai gadin buron, na zaune a kan benci yana ɓare goro. Ya ƙura wa Ɗan Azumi ido, fuskarsa ta washe.

"A'a, mai kifi, kai ne? To yaya, an kama azzalumin nan da ka kawo ƙararshi?"