Abin da Mai Walda Ya Gani a Tsugune

Tun da ka ce motar iyali kake nema, kuma a hannun naka za ka saya, to gyara zama ka ji abin da ya sami wani mai walda. Ƙofofi da tagogin ƙarfe yake yi, aikinsa kuwa ba a kushe shi, in ya haɗa ƙarfe biyu sai dai tsatsa ta raba su. 'Ya'yansa huɗu, abin hawansu babur ɗaya tal. In za a fita, ɗaya a kan tanki, sauran a cushe tsakaninsa da uwarsu. Ranar da salansa ya ƙona ƙafar babbar 'yarsa, yarinya 'yar shekara tara, ya yi mata alkawarin mota mai kujera bakwai, wadda kowa zai zauna a wurinsa. Sabuwa ta fi ƙarfinsa, sai ta hannu. Shekara biyu yana ɗaure ciki yana tari, har matarsa ta ɗauki cikin na biyar. Ashe labari ya kai kunnen baffan matarsa, wani dillalin motoci, wanda shi ya riƙe ta tana marainiya, shi kuma ya ba shi aurenta. Baffa ya aiko cewa kada a kai wa bare kuɗi alhali ga mota a gida, da araha. Wani bakanike abokin mai walda ya ce zai raka shi ya leƙa ƙarƙashinta. Mai walda ya ƙi. Wa ya taɓa zuwa wurin suruki da bakanike? Ai ka kira shi ɓarawo ke nan a gaban jama'a.

Ya tafi shi kaɗai. Ya tarar da Baffa a kan benci yana jan carbi, motar na gefensa, fara tas, sai ƙamshin sabon fenti. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya tsuguna, ya sunkuyar da kai kamar yadda ake yi wa suruki. To, a tsugunen nan ne idonsa ya faɗa ƙarƙashin motar. Sai ga layin walda ya ratsa ta daga wannan gefe zuwa wancan, guda-guda kamar kashin kaji, an shafe shi da baƙin fenti. Wani zai gani ya wuce, amma shi wannan sana'arsa ce. Nan take ya gane gaban wata mota ne da bayan wata, waɗanda suka yi haɗari aka yanko aka liƙa, kuma wanda ya liƙa ɗin ko ƙofar bayan gida bai isa ya haɗa ba. Magana ta zo masa har baki. Baffa ya ce, “Ai don jikokina na ajiye ta.” Mai walda ya haɗiye maganarsa, ya ce, “Allah ya saka da alheri, Baba.” Ko tayi bai yi ba, ya biya, ya karɓi makulli. A hanya ya ce a ransa zai farke waldar ya sake ta da hannunsa. Amma rumfarsa a bakin titi take, in ya kwantar da motar ya sa mata wuta, kafin la'asar labari ya je wa Baffa cewa surukinsa na tona masa asiri. Sai ya ce gobe. Gobe ta zama jibi, har matarsa ta haihu.

Bayan suna suka shirya kai jariri ƙauye, kakarsa ta gan shi. Babbar yarinyar nan ta riga kowa shiga, ta zaɓi kujerar can baya kusa da taga, ta ce ai ita aka saya wa. Da hantsi, a wani gangare, taya ta faɗa rami. Mai walda ya ji wata ƙara da ya sani sarai, ƙarar ƙarfe in ya saki ɗan'uwansa. Motar ta rabe daidai inda ya gani. Gaba ya tsaya da shi da matarsa da jariri, baya ya wuntsila cikin kwazazzabo. Yara uku aka ciro da karaya. Ita kuwa mai kujerar taga, a zanin uwarta aka naɗe ta, tabon salansa na nan a ƙafarta.

Baffa ya zo ta'aziyya da babbar riga, ya ce a yi haƙuri, kwana ne ya ƙare. Ran sadakar uku, da zai tafi, mai walda ya tsuguna yi masa sallama. Sai tsohon ya sunkuyo, ya rage murya, ya tambaye shi ina aka ja gaban motar aka kai, don har yanzu da sauran amfaninsa, kuma yana da mai bayan da zai dace da shi. Shekara goma sha biyu mai walda bai taɓa haɗa ido da mutumin nan ba. Ran nan ya ɗaga kai ya dube shi, ya nemi ko ɗigon kunya a fuskarsa, bai samu ba. Wannan fuskar ya yi wa kawaici, har ya binne 'yarsa. Mutuwa ta Allah ce, ban musa ba, amma shi ya gani da idonsa ya yi shiru.

Saboda haka ka tafi da bakanikenka, ko motar ta ubanka ce, ka shiga ƙarƙashinta ka duba. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce kunyar marar kunya asara ce.