Alƙalin da Ba Ya Jin Ihu

Shekara uku ke nan da aka sa wa alƙalan ƙwallon Ostareliya hular da ke toshe ihun 'yan kallo, ta ɓoye musu launin riguna. Inna Tabawa ta raka 'yarta Zulai wasan da za ta buga a birnin Perth, a filin da baƙi ba su taɓa yin nasara ba.

Saura minti ɗaya, ana gaban su Zulai da maki biyu, aka fizgi wuyanta. Mutum dubu arba'in na ihu wai ƙarya take yi, alƙali ya ba ta bugu. Ta buga, ƙwallo ta ratsa tsakanin dogayen sanduna, maki shida ke nan.

Inna ta tare alƙalin yana cire hula. "Allah ya yi maka albarka!"

Ya dube ta a ruɗe. "Mama, su wa suka ci?"

"Mu baƙi!" Ta rangaɗa guɗa.