Sabuwar Kunamar Bindiga

Ina ɗaure ƙusa ta ƙarshe Yaya Ilya ya turo ƙofa. Daga Paris ya faɗo mana Lyon ba sanarwa. Idonsa ya sauka kan teburi, inda ƙaramar bindigar gasa ke kwance kusa da tsohuwar kunamarta.

"Ashe gaskiya ne! Ruwaida, karatu aka turo ki ko ƙira?"

"Kunama nake canjawa. Ta kamfani ta cika tauri, na sayo mai laushi. Takardun kulob ɗin harbi kuma cikakku ne."

"Wa ya tambaye ki takardu? 'Yan Damagaram na unguwar Goutte d'Or ba su da zance sai naki. A gidan da uwarmu ke jinyar hannu kike wannan? Yau zan tafi da bindigar nan Paris."

Ban ɗago ba. "Sai na gama."

Ya ɗaga murya. "Hajiya! Fito ki ga aikin 'yarki!"

Hajiya ta fito, abin toshe kunne na filin harbi rataye a wuyanta. Ta ɗauki bindigar, ta tabbatar babu harsashi, ta auna bango, ta taɓa kunamar da yatsanta mai ciwo. Ƙas!

"Voilà, yanzu yatsana ya iya. Samedi, Asabar ɗin nan, ina da gasa." Ta juyo ga Ilya. "Ubana maharbi ne, har ya rasu bai bar ni na taɓa tasa ba. Shi na yi wa haƙuri. Kai kuwa, ni na haife ka."